Gado na Bakwai, Valparaíso

An ce da la'asar za a zare bututun.
Ga shi ƙarfe uku na dare,
inji na ta hura wa Eleuterio iska
kamar zugazugin maƙeri.

Likita Yasna ta lissafa mini da yatsu:
awa bakwai ƙirji a buɗe,
jini leda huɗu,
jiki ya huce a kan tebur,
ƙoda ta gaji, ta kasa wanke maganin barci.
Ta tsaya a babban yatsa.
"Sai taba."

Taba kam, ni za a gaya wa?
Shekara arba'in yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa
da kara a leɓe, ko ana tsuga ruwa.

Ta rage wa injin ƙarfi. "Ja da kanka, baba."
Ya ja. Na ƙirga tara.
Goshi ya jiƙe, ƙararrawa ta ɗauka,
ta mayar.
Sauri kan haifi nawa, mu ga safiya.

Ya lalubi biro, hannu na karkarwa,
ya rubuta mini a bayan takardar magani:
wa ya ba kare abinci?