Keke Biyu, Tawa zuwa Tabalak

Da na ce wa Shawai hutun bana kan keke zan yi shi,
ta aje ludayi, ta dube ni daga hula har takalmi:
“Shekara hamsin da bakwai, Nomau.
Da gwiwar nan mai kuka in ka taso daga sujada?”
Ta dai ƙulle mani dabino da ƙuli-ƙuli a tsumma.

Bayan asuba muka bar Tawa,
ni da Arzika tela,
shi da sabon kekensa mai giya bakwai,
ni da tsohon da na raba wasiƙu a kansa
shekara ashirin, har aka daina rubuto su.

A shingen jandarma aka tsaida mu.
Me kuke saidawa? Ba komi.
Wa ya rasu? Ba kowa.
To ina za ku?
Kallo, in ji Arzika.
Jandarma ya juya takardata sau biyu
ko zai ga sunan cutar a rubuce.

Gaba da Tamaske hanya ta ɗaga kai.
Dutsen Adar ba ya gaisuwa.
Baƙin tsakuwa, jan ƙasa,
jerin duwatsu da hannun mutane ya ɗora
don ruwa ya tsaya ya ji magana.
Na taka feda da dama, na taka da hagu,
na taka da sunan tsohuwata,
sarƙa tana ƙirga mani zunubaina ɗai-ɗai.
Wani jaki ɗauke da albasa ya wuce ni.
Bai ko waiwayo ba.

Arzika ya ƙare giyarsa bakwai,
ya sauka ya kama ta takwas:
ƙafa biyu da turi.

A ƙoli muka zauna ba magana.
Kaita can ƙasa, kamar an zazzage kwando,
kwari kore shar, gawo tsaye nan da can,
shirwa tana shawagi ƙarƙashin ƙafafunmu.
Tun da nake ban taɓa ganin bayan shirwa ba.

Gangara kuwa, kada a tambaye ni.
Birki ya ce shi ba da shi aka yi shawara ba.
Iska ta cika mani riga, ta ƙwace hula,
na ji wani yaro yana ihu da bakina,
yaron da na bari a ƙofar lakkwal
tun ban san kuɗin haya ba.

Rana ta uku, ƙayar aduwa ta karɓi jangalinta
daidai inda Tabalak ta fara ƙyalli.
Na turo keke har bakin tabki.
Raƙuma suna sha, masunta suna jan koma,
wata mata tana juya tarwaɗa cikin mai.
Ɗiyarta, Tsahara, ko goma ba ta kai ba,
ta karɓi tiyub daga hannuna,
ta shiga ruwa har gwiwa, ta nutsa shi,
tana juyawa sannu, sannu,
har kumfa ta taso siririya.
“Ga inda yake numfashi, Baba.”
Na ba ta dala goma, ta ce ashirin.

Da magariba ruwan ya koma launin shayi,
sannan launin toka, sannan babu.
Arzika ya yi ciniki da direban kamiyo a ɓoye,
gobe shi da giyarsa bakwai bisa buhunan albasa.
Ban ce masa komi ba.

Na kira Shawai.
Ta ce, “Me ka gano?”
Na duba tabkin, na duba gwiwata da ta kumbura.
Na ce, “Hulata ta ɓace.”
Ta ce, “Dama ta tsufa.
Ka ci abinci?”