Gwangwanin Noti

A Koki, sunansa Maɓarnaci.
Nafi'u kuwa, sai a takardar makaranta.
Shi ya kwance rediyon ubansa
yana neman mutumin da ke magana a ciki,
ya fasa tocila don ya ga inda haske ke kwana.
Bulala ta gaji, shi bai gaji ba.

Wata Laraba aka turo shi rumfata a Kurmi,
yayarsa Barira na riƙe da wuyan rigarsa,
da saƙon uwarsu a bakinta:
in dai ɓarnar ce,
ya je ya yi ta inda ake biya.

Bai gaishe ni ba.
Idonsa na kan wani agogon alhaji
da ya kwana uku yana ba ni kunya.
Ya ɗauka, ya kara a kunne,
ya rufe ido kamar mai sauraren gulma,
ya ce: wannan ɗingishi yake yi.
Na buɗe. Haƙori ɗaya ya karye.
Shekara talatin ina wannan sana'a,
ban taɓa jin agogo na ɗingishi ba.

Kada ka ce daga nan sai daɗi.
Yaron garwashi ne a tafin hannu.
Abin da ya gane, ya gama da shi,
ko da bai ɗaure ba.
Noti a ƙasa, noti a aljihu,
noti ɗaya har cikin kokon safe.
In ka gyara masa kuskure, ya kumbura,
ya yini bai ce uffan ba.
Jazuli, ɗayan yaron nawa,
mai sanyin hannu, mai jinkirin kai,
sai ya gama agogo biyu
Nafi'u na can yana tambayata
me ya sa hannun agogo ba ya bin hagu.

An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na yarda. Amma na ga bishiyoyi a birnin nan
da aka tanƙwara har suka manta da inuwa.
Don haka ban ɗauki dorina ba.
Gwangwanin tumatir na wanke, na ajiye gabansa:
duk abin da ka kwance, nan zai kwana,
kuma ba ka tashi sai ya koma wayam.

Ya yi kuka a kan gwangwanin nan.
Ya yi wurgi da shi sau biyu, har rumfar masu tasbaha.
Na uku, shi ya je ya ɗauko.

Daga baya zamani ya juya mana baya.
Kowa lokacinsa na cikin waya,
rumfata ta zama wurin shan iska.
Jazuli ya koma sayar da batir, yana rufa wa kansa asiri.
Nafi'u ya tafi Fam Santa.
Yanzu ana layi a gabansa,
ana ce masa Injiniya,
har waɗanda suka raɗa masa wancan sunan.

Suna ce mini, kai ka yi shi.
A'a. Kunnen nan da shi ya zo duniya.
Mai bayarwa ya ba shi, ban san ranar ba.
Ni gwangwani kawai na bayar,
da haƙurin jin tambaya ɗari kafin azahar.

Jiya ya zo, bayan la'asar.
Ya tarar da ni da agogon marigayi babana,
hannuna na rawa, hantsaki na zillewa.
Ya kara shi a kunne, ya rufe ido.
Ya ce: Baba, lafiyarsa ƙalau, datti ne.
Na miƙa masa sukurudireba.
Bai karɓa ba.
Ya jawo benci, ya riƙe mini gwangwani,
ya jira,
har aka kira magariba.