Kwanon Awon Inna

Lahadi kasuwar Fitowa ke ci,
Lahadi kuma ƙararrawar coci ke kira.
Inna Afiniki ba ta taɓa barin ɗaya don ɗaya ba:
sujadar farko da raɓa a ƙafarta,
kafin rana ta hau kan tsamiya
tana zaune bayan buhun masakwa.

Kwanon awonta fari ne a da, ya koɗe,
bakinsa ya ɓantare wuri biyu.
Kullum da asuba sai ta kifa shi a cinya,
ta ɗora tafi a gindinsa, ta rufe ido.
Ban taɓa jin abin da take faɗa ba.
Leɓe kawai ke motsi,
kamar mai ƙirga kuɗin da ba nata ba.

Shekarar da Binuwai ta cinye mana gona
ƙafarta ta kumbura, rumfa ta dawo hannuna.
Shekaruna sha shida.
Tadawus na rumfar gefe ya ce,
"Yaro, gaskiya ba ta biyan kuɗin makaranta.
Miƙo kwanon."
Dutse ɗaya, bugu uku,
gindin ya lotsa ciki, ya yi cibiya.
Ido ba ya gani sai hannu ya shafa.
Kowane awo, tafin hatsi guda ya zama nawa.

Lahadi huɗu ina cin wannan tafi.
Na auna wa matar fasto.
Na auna wa wata makauniya
da jikanta ke ja daga hanyar Gidar.
Ta ce, "Ubangiji ya saka maka,"
na ce amin,
amin ɗin ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar karfasa.
A coci kowa ya sunkuya,
ni ina ƙirga kwanon rufi.

Ranar Talata Inna ta ce, "Kawo mini shi,
na kwana biyu ban yi addu'a a kansa ba."
Ta kifa. Ta ɗora tafi.
Na ga yatsanta ya faɗa ramin ya tsaya.
Ba ta buɗe ido ba.
Addu'ar ranar ta fi kullum tsawo,
har kunu ya huce.

Da dare ta ja ƙafa ta shiga madafa,
ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar yakuwa,
ta fito da nawa a kwanon awo.
Na ce shi ke nan,
yau za a auna mini da abin da na auna.
Sai na ga malmala kan malmala,
miya na gangarowa ta ɓantararren baki
har tana jiƙa tabarma.
"Ci," in ji ta.
"Abin da ka rage, na ƙara.
Ni ma haka ake yi mini, kullum."

Ban iya haɗiya ba. Na cinye duka.

Da gari ya waye na ɗauki taɓarya
na mayar da gindin wurinsa.
Ya koma, amma tabon bai tafi ba.
Matar fasto na kai mata nata, ta yi dariya.
Makauniyar nan kuwa, Lahadi nawa na duba hanya,
ba ta sake zuwa ba.
Tafinta yana wurina har yau.

Yanzu Inna na kwance bayan coci,
furfura ta kama ni a rumfarta.
Da asuba nakan kifa kwanon a cinya,
yatsana ya sami tabon.
Har yanzu ban san abin da take faɗa ba.
Nawa gajere ne:
Yesu, ga hannun da ka sani.
Riƙe shi har kasuwa ta tashi.
In makauniya ta zo da wata fuska,
kada ka bar ni in kasa gane ta.