Dodon Mataki na Huɗu

A shagon Salifu, bayan tashar Aboabo,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi,
aka ɗora wasana a inji na uku,
wanda maɓallinsa sai an danna da ƙarfi.
Na zauna a benci da wake da shinkafa a ganye.
Ban da Salifu, ba wanda ya san ni na yi shi.

Wata goma sha ɗaya na kwashe
da kwamfutar da na tsinta wurin 'yan gwangwan,
tsakanin an ɗauke wuta da an kawo.
Kumbo ɗaya, bindiga ɗaya,
taurarin kuwa kamar gero ya zube a tabarma.

Awudu ya fara kamawa.
"Wannan kumbo ne ko dutsen guga?"
Shago ya kwashe da dariya, loma ta tsaya mini a wuya.
Kwabena ya ce ko a zamanin kakansa
an yi abin da ya fi wannan kyan gani,
ya ce bai yafe sidi biyunsa ba,
sannan ya laluba aljihu ya sake miƙa biyu.

Ƙarar harsashin, murfin tukunyar innata ce.
Gurnanin dodon, injin niƙa ne na Asawase,
na ɗauko da waya, mai injin yana hararata.
Su dai sun ce kamar akuya ta shiga gwangwani.

Sai Memuna ta sauke kwanon ruwan leda a ƙofa,
ta ce a ba ta sau ɗaya.
Ita ta gano dodon mataki na huɗu
ba ya ganin abin da ke hagunsa.
Ta laɓe can, ta yi ta ɗirka masa wuta
har ya tarwatse, yara suka hau benci da ihu.
Kuskure ne. Mako uku na yi ina nemansa, ya gagare ni.
Awudu ya ce, "Mai wasan nan ya san duniya,
kowane ƙato da gefen da yake makaho."

In an harbo ka, wata murya takan ce:
"Tashi, da sauranka."
Yaran suna kwaikwayonta da hanci, suna tuntsirewa.
Muryar Labaran ce, wana,
na ɗauka a soro, daren da zai kama hanyar sahara.
Ya maimaita sau shida don yana dariya.
Damina biyu ke nan wayarsa ba ta shiga.

Baba Mumuni tela ya zo karɓar canji,
ya tsaya da almakashi a hannu.
"Muryar wa nake ji?"
Ya waiga, idonsa ya faɗa kan nawa.
Bai ƙara ba. Ya manta canjin ya fita.

Nan wuta ta ɗauke.
Fanka ta tsaya, taurari suka mutu,
zafin Kumasi ya shigo ya zauna tare da mu.
Cikin duhun wani yaro ya ce, "Tashi,"
sauran suka amsa, "da sauranka!"

Salifu yana ƙirga silalla da hasken waya.
Ya matso ya raɗa mini, "Yaushe za ka gyara dodon?"
Na naɗe ganyen, na ce a bar shi haka.