Ƙullin Yaji

Ina shiƙar gero a bayan rumbu
wayar Nafi'u ta shigo daga Alƙahira:
"Inna, jirgi na biyu sai dare.
Sun dubi fasfo, sun dubi fuskata,
sun sake duban fasfo,
kamar mai taya akuya a kasuwar Gujungu.

An zazzage jaka.
Kuka ta wuce,
daddawa ta tona asirin kanta,
yajin kuwa, ɗan kwastan ya sunsuna,
ya yi atishawa uku, ya jefa kwandon shara."

Yini guda na yi ina dakansa,
citta, kanumfari, masoro,
har tafina ya yi kanta.

Na ce, "Ka dai ci abinci?"
Layi ya katse.
Kaji na ta tsince geron da ya zube.