Aljihun Ciki

Bayan la'asar ta shigo shago,
Kasuwar Barci na hamma, an ɗauke wuta,
na koma kan keken ƙafa ina taka shi a hankali.

Ladidi ce, autarmu,
wadda in ta ga kyankyaso sai ta haye gadon Inna.
Yau ita ce 'yar sandar farin kaya.

Ta ajiye yadi huɗu, ruwan toka.
Ta ce, "Yaya Sallau, doguwar riga nake so,
amma da aljihu ta ciki, nan,"
ta dafa ƙugunta na dama,
"wanda ido ba zai karanta ba."

Na ce me za a sa? Waya? Kuɗin adashe?

Ta leƙa ƙofa. Ta saki labule.
Ta zare harsasai, ta duba, ta sake dubawa,
sannan ta kwantar da ita
tsakanin almakashi da alli.

Ƙarama ce. Da kaɗan ta fi tafin hannuna.
Baƙa wuluk, ga sanyi kamar gindin randa.
Ban taɓa ba.

Ta ce, "Uku aka jera min a ɗakin makamai.
Ta fari doguwa ce, oga ya ce ta maza.
Na soke ta a ƙugu na zauna,
ta tokare min haƙarƙari kamar mai bin bashi.
Ta biyu 'yar mitsitsiya, sai ka ce kwalbar turare,
amma a filin gwaji
ta riƙa zillo a hannuna kamar tarwaɗa,
ƙaramin yatsana ya rasa wurin zama.
Sai Baba Kyauta, mai riƙe da makulli,
shekara talatin yana shafa musu mai,
ya ce, 'Yarinya, wadda za ki iya ɗauka kullum
ta fi wadda za ki bari a durowa.'
Ya turo min wannan.
Ba kyau, ba suna.
Ta zauna a hannuna shiru, kamar muciyar Inna."

Ni na auna wuyan ango,
na auna cikin wata bakwai,
likkafani ma na yanka, ba ɗaya ba, ba biyu ba.
Amma tef bai taɓa yi min rawa a hannu ba sai ran nan.
Ta ce, "Ba ta cizo in babu komai a cikinta."
Na ce ai maciji ma da barcinsa.

Na zana ta a kan kwalin sabulu, na yanke.
Kwana uku kwalin nan na kwana a shagona,
ina sa shi, ina cirewa,
ina ninka ɗinki sau uku a bakin aljihu,
don ƙarfe ba ya tausayin zare.

Da ta zo gwaji, ta durƙusa, ta miƙe,
ta yi kamar za ta hau Keke Napep,
ta ɗaga hannu kamar mai kabbara.
Madubi bai ga komai ba.
Mai shayin maƙwabta ya gaishe ta, shi ma bai gani ba.
Ni kaɗai na ga rigar ta ɗan karkata dama,
kamar sikelin mai awo.

Ta lalubo hagu, ta ce, "Wannan fa?
Ban ce ka yi biyu ba."

Na ce wannan na alawar Zulai ne,
in kin taso daga aiki, kin sauka a Kawo,
kada ki shiga gida da gefe ɗaya mai nauyi.

Ta yi dariya. Ba ta biya ba, ban tambaya ba.

Tun ran nan, in na idar da asuba,
roƙona bai wuce wannan ba:
na hagu ya yage don yawan shiga da fita,
na dama ya tsufa da ɗinkinsa.