Yafito

Da safe a lakwal ɗin Wadata
na rubuta kalmar Ingilishi bisa allo,
na ce ma'anarta kira, amma ba da baki ba.
Alkasum daga bencin baya ya ce,
"Madam, ai yafito ke nan."
Na ce shi ne, buɗe littafi.

A hoton, Bature ya miƙe tafi sama
yana lanƙwasa yatsa guda.
Aji ya ɓarke da dariya.
Wa ke kiran ɗan mutane haka
in ba neman faɗa yake ba?
Mu tafi ƙasa yake kallo,
yatsu huɗu na sharo iska zuwa ƙirji.
Na ce to ku kiyaye,
wannan namu, a wajensu sallama ce.
Kana cewa zo, yana jin sai wata rana.

Da la'asar na hau faba-faba, na haye gada,
kogi ya janye har tsibirai sun fito,
na isa asibitin Lamorde da kunun gyaɗa a kwano.

Baba Nomau, shekara talatin a tasha,
da hannu yake juya manyan motocin albasar Galmi.
Ya dunƙule, direba ya taka birki.
Ya kaɗa, tirela ta ja da baya kamar akuyar gida.
Ko injin na ruri, ba a taɓa ce masa "me ka ce?" ba.
Yau kwana tara harshe ya ƙi tashi,
ɓarin dama ya kwanta,
na hagu kaɗai ya rage masa a duniya.

Na koyi karatunsa da ƙyar.
Yatsa ga leɓe, ruwa.
Zunɗe wajen taga, zafi ya yi yawa.
Harara, kar in sake biyan kuɗin allura ban faɗa masa ba.

Da aka kira magariba na ɗauki jakata.
Ina bakin ƙofa ya ɗaga hannun,
tafi ƙasa, yatsu huɗu,
sau biyu, a hankali.

Ni da na koyar da wannan da safe,
na ba yara maki a kansa,
na tsaya riƙe da labule
ban san da wane harshe ya yi ba.

Na tuɓe takalmi na koma.
Kunun ya riga ya huce.